Hoton 3D na gizo-gizo yana sa ni ciwon kai, ina kuskuren yake?

ɗan_Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina wuninku. Dan Allah masu sanin harkar hoto ku agaza min, wata matsala ce ta hana ni sakat yau sati biyu kenan. Ni aikina hoto ne, ina ƙarƙashin wani maigida a studiyo nan cikin gari, hoton kati da na biki da na suna, to amma ban da aikin neman abinci akwai abin da ya shiga raina tun bara, wato ɗaukar ƙananan halittu kusa-kusa, abin da ake ce ma makro. Aparai ɗina, wato kyamarata, tsohuwar Canon ce ta hannu, da objektif ɗin da ta zo da shi, wato gilashin gabanta, mai zum 18-55, sai wani zobe da aka kawo min daga Kano wanda ake juya objektif da shi bayansa ya koma gaba, kuma gaskiya yana jawo abu har ka ƙirga gashin ƙafar ƙuda.

Akwai wani ɗan gizo-gizo mai tsalle da ke zama jikin katangar gidanmu wajen randa, toka-toka ne shafaffe, bai kai ƙwayar wake ba, in ka matso sai ya juyo ya ƙura maka manyan idanun nan biyu kamar fitilun mota. Na ɗauke shi ya fi sau ɗari. Sai ran nan na ci karo da hoton irinsa a intanet, wanda in ka sa tabarau mai ja da shuɗi za ka ga kamar zai fito daga waya ya hau maka hanci. Tun ranar ban huta ba wallahi.

Na karanta cewa hoto biyu ake ɗauka, ɗaya na idon hagu ɗaya na dama, kuma tsakanin idanun mutum wajen santimita 6 da rabi ne. To haka na yi, na ɗauka, na auna da rula na matsar da aparai santimita 6 da rabi, na sake ɗauka. Hoton farko ga gizo-gizo, na biyu katanga ce zalla ba kowa. Na karkato aparai na nemo shi na sake ɗauka, na haɗa su a kwamfutar studiyo bayan maigida ya tashi, na yi tabarau da kwali da ledar alewa ja da shuɗiya. Abin da na gani gizo-gizo biyu ne kowa na kallon gabansa, idona ya yi ta ja, kaina ya sara har sai da na kwanta. Ƙanwata ta gwada ta ce in bari kafin in makance.

Tambayoyina uku ne. Nawa ake matsawa tsakanin hoton farko da na biyu? Yaya ake yi ya tsaya wuri ɗaya, don kafin in danna na biyu ya riga ya juya ko ya ɗaga ƙafa, wani abokina ma cewa ya yi in sa shi a firigo ko in kashe shi kawai. Na uku, idanun kaɗai ke fitowa tas, ƙafafu da baya duk dishi-dishi. Na gode.

Tsohon mai hoto, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka ba ni dariya da santimita 6 da rabi, amma ba dariyar raini ba, kowa nan yake fara faɗuwa. Tazarar nan ta idonka an yi ta don kallon mutum a tsakar gida ko raƙumi a kasuwa, ba don abin da ke nisan yatsa uku da hancinka ba. Gwada ka kawo yatsanka dab da hanci ka rufe ido ɗaya ka buɗe ɗaya, za ka ga kowane ido gefen yatsa daban yake gani, ƙwaƙwalwa ba ta iya haɗa su. Abin da ka yi ma gizo-gizonka kenan.

Ƙa'idar da munka koya ita ce ɗaya bisa talatin. Ka auna nisan da ke tsakanin aparai da abin da ya fi kusa cikin hoton, ka raba gida 30, abin da ya fito shi ne matsawarka. Mutum na nisan mita 2, ka matsa wajen santimita 6 da rabi, ka ga nan lissafinka ya yi daidai. Amma objektif ɗin da anka juya, abu yakan fito tas ne a nisan santimita 4 zuwa 5 kawai. Raba milimita 45 gida 30, milimita ɗaya da rabi kenan. Ka ji fa, ɗaya da rabi. Kai kuwa ka matsa 65. Ba dole ka samu katanga ba.

Kuma ita ƙa'idar ba aya ba ce, wurin farawa ce. A makro tunda zurfin abin duka bai wuce ƴan milimita ba, wani lokaci sai ka ƙara kaɗan kafin zurfin ya fito da kyau. Ni shawarata ka ɗauki huɗu ko biyar a jere, kana matsawa milimita ɗai-ɗai gefen dama, in ka zo kwamfuta ka haɗa na 1 da na 2, na 1 da na 3, na 1 da na 4, idonka zai gaya maka wanda ya zauna. Kuma gefe kawai, kada aparai ta ɗaga sama ko ta sauka ko da kaɗan ne, don ido yana yafe bambancin hagu da dama, shi ne ma aikinsa, amma bambancin sama da ƙasa ba ya yafewa, shi ke kawo ciwon kan nan da ka yi.

Abin da ya sa na tsaya na rubuta maka dogon bayani, ka tuna min da ƙuruciya. Lokacin muna yara in alhazai sunka dawo, cikin tsaraba akwai wani ɗan akwatin roba mai ido biyu, a sa mashi faifan kwali zagaye, ka ɗaga shi wajen haske kana danna wani ɗan hannu, sai ga Ka'aba ga mutane kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Layi muke yi a zaure. Daga baya da na shiga sana'a na gane irin View-Master ne, faifan nan hoto 14 gare shi, bakwai na hagu bakwai na dama. To aikin da kake son yi shi ne dai wannan, sai dai naka alhajin ƙafa takwas gare shi kuma ba ya tsayawa a ɗauke shi.

Maganar kashewa kuwa ban goyi baya ba. Bai ci maka komai ba, ƙudan gidanku ma yake rage maku. Halitta ce da Allah ya sa sunanta a kan sura guda, ta 29. Ka nemi dabara.

Na Mokoyo:

Hhhh wai mutane na neman kuɗin cefane kai kana bin Gizo da rula. Ka jira Ƙoƙi ta zo ka ɗauke su tare hoton amarya da ango. Amma da gaske ka yi hankali kada tautau ya yi maka fitsari a fuska, ƙanena bara wuyansa duk ya kwaile.

Malamar SVT:

Sannu ƙanena, aikin nan naka ya burge ni, da ma ɗalibaina za su riƙa kallon katangar gidansu haka. Ni malamar kimiyyar halittu ce, ba mai hoto ba ce sosai, waya nake amfani da ita, amma dabbar na ɗan san ta, kuma ina ganin rabin matsalarka sanin halinsa ne ba aparai ba.

Yadda ka kwatanta shi, toka-toka shafaffe a jikin katanga, ya fi kama da wanda ake kira Menemerus bivittatus. Akwai ɗan uwansa da shi ma yake yawo a gidaje, Plexippus paykulli, namijin baƙi ne da farin layi a tsakiyar baya. Dukkansu dangin Salticidae ne, masu tsalle, dangin da ya fi kowane yawa cikin gizo-gizo, sun haura iri 6,000 cikin sama da iri 50,000 da aka rubuta a duniya. Ba sa saƙa yana don kama abinci, farauta suke da ido kamar mage, shi ya sa yake juyowa ya kalle ka. Ido takwas gare shi. Ƙananan na gefe motsi suke kamawa, da ka motsa hannu su ne za su sa ya juya, sannan manyan biyun na gaba su duba mene ne.

Ga abin da zai shafi hotonka kai tsaye. Manyan idanun nan gilashinsu na waje ba ya motsi, amma daga ciki kowanne kamar ɗan bututu ne da yake jujjuyawa. In ka lura da kyau za ka ga launin idon yana canzawa, wani lokaci baƙi ƙirin wani lokaci ruwan zuma, alhali shi bai motsa ba. Idan ya yi baƙi ƙirin to kai yake kallo. To ka ga ko da jikinsa ya tsaya cak, in idon ya canza tsakanin hoton hagu da na dama, wurin zai riƙa yi maka walƙiya in ka haɗa. Sai ka ɗauki da yawa ka zaɓi biyun da idon ya zo iri ɗaya.

Abin dariyar ma shi ne, kai kana wahalar haɗa ido biyu don ka samu zurfi, shi kuma da ido ɗaya yake iya auna nisa. A 2012 wasu masana a Osaka ta Japan sun fitar da bincike a mujallar Science kan wani mai tsalle, Hasarius adansoni. Bayan idonsa hawa huɗu ne, koren haske yana fitowa tas a hawa ɗaya, a na kusa da shi kuma yana zuwa dishi-dishi, to da yawan dishi-dishin nan yake gane nisan ƙuda. Da suka sa su cikin jan haske sai suka riƙa tsalle suna faɗuwa kafin su kai. Wato dishi-dishin da kake kuka da shi a hotonka, shi rularsa ce.

Yanzu yadda za ka same shi a tsaye. Lokacin da ya fi kowane shi ne in ya kama ƙuda ko sauro, don ba tauna yake ba, narkar da cikin abin yake yana tsotsa, sai ya ɗauki mintoci yana wuri ɗaya bai damu da kai ba. Na biyu da sassafe, musamman yanzu da sanyi ke shigowa, jikinsu da zafin gari yake tafiya, kafin rana ta bugi katanga suna da nauyin jiki. Da dare kuma yakan shige wata ƴar jakar yana da ya saƙa a tsaguwar bango, in ka gano inda take ka san inda za ka jira shi da safe.

Firigo da kashewa, ban da abin da Baba ya faɗa, hoton ma ba zai yi kyau ba. Gizo-gizo yana da naman da ke lanƙwasa ƙafa, amma a manyan gaɓoɓin ƙafar babu mai miƙe ta, da matsin ruwan jikinsa yake miƙewa, tsallen ma da shi yake yi. Shi ya sa duk mataccen da ka gani a ƙudundune yake. Wanda aka sanyaya kuma laƙwas yake yi, raɓa ta kwanta masa a gashi, duk wanda ya san dabbar kallo ɗaya zai gane. In kana son abin gwaji da ba ya motsi, nemi saɓarsu. Suna saɓa kamar maciji in suna girma, duba yanar da ke kusurwar ɗaki ko bayan buhuna za ka ga kamar gizo-gizo amma fanko ne, da ƙafafu da gashi har da gurbin idanu. Ka koyi hannu a kanta.

Na Mokoyo, Allah ya ƙara wa ƙanenka lafiya. Amma masu tsallen nan ba su da wannan aikin, gudu ma suke in ka kai hannu. Yawancin kwailewar fata da ake samu ƙarshen damina ƙwaron nan ne da ke zuwa wajen fitila da dare, wanda ake ce ma kantarid, in ka murje shi a jiki ruwansa ke ƙona fata ya yi bororo. Gizo-gizo dai ya saba ɗaukar laifin wani tun a tatsuniya.

Af, Baba, abin nan na hoton hagu da dama ya ma girmi View-Master nesa ba kusa ba. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Wheatstone, shi ya bayyana shi a 1838 da madubai biyu, kuma da zanen hannu ya yi, don sai a 1839 aka sanar da duniya hoton kyamara.

mai gyaran waya, Zariya 2:

Aboki ni ta ɓangaren ƙarfe zan shigo don milimita ɗaya da rabin nan da Baba ya faɗa gaskiya ce amma da hannu ba za ka taɓa iya ta ba, numfashinka kaɗai ya fi haka motsi. Ka je wajen masu sai da kayan gini ka sayi dogon bulon M6, wato ƙusa mai zare da ake murza wa noti, da noti biyu ko uku, shi M6 duk zagaye ɗaya cikakke milimita ɗaya yake tafiya ba ƙari ba ragi, rabin zagaye rabin milimita, sai ka samu layin durowa irin mai ƙananan boris ɗin nan na tebur, kafinta ko mai walda ya ɗora maka ɗan faranti a kai inda aparai za ta zauna, bulon ya riƙa tura farantin, ka ɗaura roba ta riƙa jawo shi baya don kada ya yi lilo, a kan bulon ka manna murfin kwalba ka yi masa alama da jan farce don ka san inda zagaye ya cika. Ni na yi irinsa don duba hanyoyin cikin waya kuma har yau yana aiki. Abu ɗaya ne zai yi maka aiki biyu, in ka sa shi a gicciye ya ba ka hagu da dama, in ka sa shi a miƙe ya ba ka gaba da baya.

Shi gaba da bayan shi ne amsar tambayarka ta uku. A makro in abu ya fito a girmansa na gaskiya kan sensa, wato ɗan farantin cikin aparai da ke kama hoton, wurin da ke fitowa tas ko ka tsuke ƙofar hasken objektif zuwa f/8 bai kai milimita ɗaya ba, in ka ƙara jawowa ya ƙara sirancewa, to gizo-gizo mai tsawon milimita 7 ko 8 ta yaya zai shiga duka. Hotunan da kake gani a intanet tas daga ido har gindi yawancinsu hoto 30 ne ko 50 ko fiye aka ɗauka ana matsawa kaɗan-kaɗan sannan manhaja ta tsinci wurin da ya fito a kowanne ta haɗa, irin su Helicon Focus da Zerene Stacker, na kuɗi ne, CombineZP kuma kyauta ce amma tsohuwa. Zerene ma tana iya fitar maka da hagu da dama daga jeri ɗaya ba sai ka matsa gefe ba. Amma gaskiya wannan sai abin da ba ya motsi, saɓar da Malama ta ce ita ce daidai da shi, mai rai ba zai jira ka hoto 50 ba.

Ga mai rai ka rage buri. Kada ka sa zum a 18, a nan yana jawowa wajen ninki uku ko fiye, sensarka faɗinta wajen milimita 22 ne, kenan abin da kake gani duka bai fi milimita 6 ko 7 ba, ka matsa biyu ka zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na hoton. Sa shi tsakanin 35 da 55 ka bar fili a gefe da gefe don za a yanke. Sannan na tabbata objektif ɗinka a buɗe yake wangale tunda in an juya shi aparai ba ta iya rufe ƙofar hasken, dabarar ita ce ka ɗaura shi daidai tukuna, ka sa f/8 ko f/11, ka danne ɗan maɓallin nan na gaba kusa da gindin objektif mai nuna zurfin hoto, kana danne da shi ka kwance objektif ɗin, zai fito a tsuke, sai ka juya. Kada ka zarce zuwa f/22 wai don ka samu zurfi, komai zai yi laushi kamar an shafa mai. Wurin leƙawa zai yi duhu, haska katangar da ƴar tocila.

Filash dole ne amma kada ka buga masa shi tsirara, yanki farar robar yawurt ko farin kwanon roba ka rufa a gaba hasken ya bazu, za ka ga har a idon gizo-gizon ya fito kamar taga mai kyau maimakon ɗigo mai ƙuna. In filash ɗin na hannu ne ka aje shi wuri ɗaya kada ya motsa tsakanin hoto biyun, inuwa in ta canza wuri ita ma tana ja ma ido.

Wajen haɗawa bar wahalar yi da hannu, sauke StereoPhoto Maker, kyauta ce, wani ɗan Japan Masuji Suto ya yi ta, akwai wurin da za ka danna ta daidaita sama da ƙasa da karkata da kanta, a waya kuma akwai tasa 3DSteroid. Tabaraunka na ledar alewa shi ma yana cikin masu laifi, ja a idon hagu daidai ne amma na dama ba shuɗi ba ne zalla, shuɗi ne mai ruwan kore, gwajinsa ka kalli jan abu ta cikinsa in bai koma baƙi-baƙi ba to yana yoyo kuma za ka riƙa ganin fatalwar hoto ɗaya cikin ɗaya. Ni ma ban cika son mai launin ba don yana kashe kalar dabbar. Jera su gefe da gefe a waya, na dama a hagu na hagu a dama, ka yi ɗan harara-garke kana kallon yatsanka a tsakani har hoto na uku ya fito a tsakiya, da farko wuya daga baya kamar wasa. Wanda bai iya ba ka yi masa mai motsi, hoto biyun suna musanya da sauri, a WhatsApp ma yana tafiya ba tabarau ba komai.

Masu waya kawai kuma kada ku ce ba ku da aparai, cikin matacciyar DVD wajen da leza ke fitowa akwai ɗan gilashi kamar ƙwayar gero babba, ku ciro ku manna a idon waya da salatif, ina da su cike da gwangwani a shago.

ɗan_Bagalam ya rubuta:

Jama'a Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara girma, Malama na gode ƙwarai. Na yi shiru kwana tara ne don ina ta fama. Layin durowa ya samu, mai walda na unguwarmu sai da ya tambaye ni sau uku mi za a yi da shi, da na ce hoton gizo-gizo ya kalle ni ya ce Allah ya ba da lafiya.

Saɓa na samu bayan buhun gero a ɗakin ajiya, na kafa ta kan tsinken tsintsiya da ɗan ƙullu, a kanta na gane cewa a wajena zagaye biyu na bulon ya fi zama, ɗaya da rabi zurfin kaɗan ne, huɗu kuma ido ya fara ja. Kuma na yi wani shirme, karon farko da na haɗa sai na ga abin ya lotsa ciki kamar ƙoƙo, ƙafafun gaba sun koma baya, na zaci manhajar ce ta lalace ashe hagu da dama na musanya. Dannawa ɗaya ya gyaru.

Shi kuma mutumin nawa na wajen randa, kwana huɗu ina fitowa bayan asuba ina zama kan turmi da aparai a kan bulo biyu na gini, inna tana ta min tsiya wai ko gadin randa aka ba ni. Sau biyu yana tsallowa kan objektif ɗin, ina jin inuwarsa ya gani a gilashi ya zaci wani ne, kuma na lura duk tsallen da zai yi sai ya bar zare a bayansa, ran da ya kuskure sai ga shi yana lilo ya hau abinsa ya koma. Shekaranjiya wajen ƙarfe bakwai da rabi sai ga shi da ƙuda a baki, ƙudan ma ya kusa girmansa. Hannuna har rawa yake. Na ɗauka, zagaye biyu, na ɗauka, na dawo, na sake, har sau goma sha ɗaya kafin ya ja abinsa ya shige tsaguwa. Cikin sha ɗayan biyu ne kawai suka yi. Sauran ko ya motsa ƴan hannuwan nan na gaban baki, ko idon ya canza launi kamar yadda Malama ta faɗa, da ban karanta ba da ban san mi ke min walƙiya ba.

Amma biyun nan, kai. Fiffiken ƙudan yana gaba kamar ka hure shi, bayansa gashin fuskar gizo-gizon ɗaya-ɗaya kowanne da nisansa, sannan idanun, ashe ba a shafe suke ba, a kumbure suke kamar ƙwallon gilashi kuma cikin kowanne ga robar yawurt ɗina. Baya dai har yanzu dishi-dishi ne amma a 3D bai dame ni ba, sai ma ya zama kamar nisa. Na yi mai motsin na nuna ma inna, ta karɓi wayar ta juya bayanta ta duba, ta ce wannan abin ne ke zaune kusa da ruwan shanmu. Yanzu rigimar da nake ciki kenan, ta ce sai an share katangar.

Saura wata tambaya. Akwai manya masu zane rawaya da baƙi da ke saƙa yana mai faɗi da wani farin zare zigizag a tsakiya, na gan su da yawa cikin lambunan bakin Gulbi bayan damina, su ba sa motsi sam amma iska na kaɗa yanar. Yaya zan yi da su?

Tsohon mai hoto, Sabon Gari:

Madalla ɗana. Ka turo mai motsin in gani, idona ya tsufa da harara-garke. Na lambu kuwa sammako za ka yi, kafin rana ta ɗaga iska ba ta tashi ba, in kuma hunturu ya kankama ka haƙura sai wata kaka. Ka sa wani ya riƙe maka kwali ko tabarma ta gefen da iskar ke fitowa, nesa kaɗan kada ya taɓa zaren da ya ɗaure yanar, in ya taɓa za ta saki kanta ƙasa ko ta kama girgiza. Tunda babba ce ba sai ka juya objektif ba, ja baya wajen santimita 30 ka matsa santimita ɗaya. Ka nemi izinin mai lambu tukun.

Malamar SVT:

Argiope ce wannan, macen ce babbar, in ka duba gefen yanar wani lokaci za ka ga namijin ɗan mitsitsi. Ka turo min hotunan dan Allah in nuna a aji. Kuma ka ce ma inna a bar katangar zuwa sati mai zuwa, ina so in zo da ɗalibai biyu su gani in ba damuwa.

mai gyaran waya, Zariya 2:

In za ka lambun ranar Lahadi biyo ta shago mu tafi tare ni zan riƙe kwalin, ka zo da bulon ɗin in ga yadda mai waldan ya yi don ina zargin bai sa robar ba.